Ranar da Na Gaida Duk Zango a Rediyo

Shekarun baya can, kafin furfura ta fara leƙowa a gemuna, ina karanta labarai da Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Kumasi. Rabin awa kacal ake ba ni kullum bayan La'asar, amma yadda nake ɗaga kafaɗa a zango, wato unguwanninmu na Hausawa, sai ka rantse tashar ta ubana ce. Har cika baki nake yi wai ko akuya ce ta haihu a Moshi Zango, sai na riga mai ita ji.

Ina da wani aboki a lokacin, dillalin shanu a kara. Dogo ne mai sanyin magana, yana jin Fulatanci kamar a ruga aka haife shi. Aibinsa ɗaya, bai iya ciniki ba. Sai ya wuni yana hira da makiyaya, a tashi kasuwa bai sayar da ko wutsiya ba. Kullum ina tsokanarsa, shi kuwa sai murmushi. Shekara biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya a gidanmu. Mahaifiyata "ɗana" take ce masa, har tsoka take tura masa gefensa, ni a bar ni da ƙashi.

Da zaɓe ya matso, gari ya ɗauki zafi. Wani ɗan siyasar adawa ya fito ya ce gwamnati ta dasa ɗan leƙen asiri cikin 'yan kara, yana kai rahoton duk wanda ba ya tare da ita. Mai tasharmu ɗan adawa ne, don haka mu kullum "munafuki" muke kiran mutumin da ko kamanninsa ba mu sani ba. Tashar da ke hamayya da mu ta masu mulki ce. Su da farko suka ce ƙarya ce, babu shi, washegari kuma suka ce ai gwarzo ne. Mahaifiyata takan murɗa rediyo nan ta murɗa can, ta ce, "Wai ku ba a gari ɗaya kuke ba?"

Wata Laraba, saura minti goma in shiga shiri, manajanmu ya kira ni ofis. Mutumin Ashanti ne, Hausarsa ba ta wuce ta cinikin kasuwa ba. Ya miƙo mini takarda yana rawar jiki.

"Malam, mun samu suna! Kai za ka fara faɗa, da Hausa, 'yan zango su ji shi paa, da kyau."

Na duba. Sunan abokina ne cikakke, har da rumfar da yake zama.

Haushi ne ya fara zuwa mini, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ke cinye mini tsoka ashe jami'in sirri ne, ni kuma sarkin sanin labari ina ta koya masa ciniki! Sai kuma na tuna da kara. A wannan lokacin kowace rumfa a kara shirina take saurare, ga mahauta da wuƙaƙe, ga makiyaya da sanduna, ga makonni muna zuga su. Na san in sunan nan ya fita daga bakina, abokina ba zai kai bakin ƙofa da ƙafafunsa ba.

Na kira wayarsa sau uku, bai ɗauka ba. Sai na kira mahaifiyata. "Inna, ki bar abin da kike yi, ki je kara ki ce wa ɗanki ya bar garin nan yanzu-yanzu. Kada ki tambaye ni dalili." Ta ce, "Yoo," wato to, ta kashe. Daga baya na ji ta tare keke mai ƙafa uku da ludayi a hannunta. Daga gidanmu zuwa kara ta hanyar Atonsu, da cunkoson yamma, rabin awa ne in Allah ya taimaka. Daidai tsawon shirina ke nan.

A al'adarmu, ba a fara labarai sai an gaida manya biyu ko uku. To, ni ranar na fara ban tsaya ba. Na gaida sarakunan zango. Na gaida limamai da ladanai, masallaci bayan masallaci. Na gaida malaman da suka koya mini karatu, har da wanda ya fi dukana. Na gaida mai koko ta bakin masallacinmu, na yabi ƙosanta. Na gaida 'yan dako na kasuwar Kejetia da direbobin trotro, motocin hayar gari. Telan da ya ɓata mini rigar Sallah ma na gaishe shi, na kuma shaida wa duniya na yafe masa.

Manaja yana bayan gilashi yana nuna mini takardar da ke gabana, yana buga ƙafa. Ni kuwa sai in rusuna masa da ladabi, in ɗaga yatsa ɗaya, wato saura mutum ɗaya. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Da rayayyu suka ƙare mini, na koma kan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na shiga jero musu addu'a unguwa-unguwa. Manaja ya ji ana ambaton Allah, dole ya sauke hannu.

Sai Allah ya kawo mini agaji. Wayar tashar ta fara ƙara, mutane suna kira da fushi wai an gaida maƙwabcinsu an tsallake su. Kowa ya kira sai in sa shi a iska, in ba shi haƙuri, in tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Saura minti biyu, na ɗauki wani kira, na ji muryar da na sani tun ina ciki.

"Kai, ni ce uwarka. Saƙo ya isa, mai shi ya hau mota. Amma ka ji kunya! Ka gaida mai koko, ka gaida tela, uwar da ta haife ka kraa, ko sau ɗaya ba ka gaishe ta ba!"

Wallahi dariya na yi har da hawaye, duk Kumasi tana ji. Na gaishe ta, na sake gaishe ta, har lokaci ya cika aka ɗauke ni.

Awa ɗaya bayan nan wani ya karanta sunan a shirin harshen Twi, amma abokina ya riga ya yi nisa. Ni kuwa aka dakatar da ni. Sai ga tsofaffin zango sun yi ayari zuwa tashar suna tambayar ina mai gaisuwa. Mai koko ta yi mako tana aiko mini da ƙosai. Ba shiri aka dawo da ni, aka kuma ba ni filin gaisuwa kowace Laraba. Can daga baya ta bayyana cewa ɓarayin shanu masu kashe makiyaya a hanyar arewa abokina yake bibiya, babu ruwansa da ƙuri'ar kowa. Da 'yan adawa suka ci zaɓe kuwa, tasharmu ta koma cewa tona asirin jami'i cin amanar ƙasa ne, waccan tashar ta koma neman a fito da sunaye.

Bayan wasu shekaru, ana fitowa daga Juma'a, na ji hannu a kafaɗata. Shi ne, ya yi ƙiba. Muka wuce gida kai tsaye, Inna ta yi guɗa, ta sake tura masa tsoka. Na ce, "Shekara biyu, ko ido ba ka ƙyafta mini ba?"

Ya ce, "Chale, abokina, kai da ko haihuwar akuya ba ta wuce ka? Na ɗauka ka sani." Muka yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa sai ya ce, "Ka san ranar ina rumfa ina sauraronka? Ina ta jira in ji sunana. Har na ji haushi, na ce mutumin nan ya gaida tela ya manta da ni. Sai ga Inna da ludayi."

Tun daga ranar, duk takardar da aka miƙo mini in karanta, sai na fara tambayar kaina a ina mai sunan yake zaune a daidai wannan lokacin, kuma su wa ke kewaye da shi. Har yau in na wuce zango ana tsokanata da "mai gaisuwa", kuma ina amsawa da farin ciki. Na karanta labarai masu yawa a rayuwata, amma aikin da na fi alfahari da shi shi ne wannan rabin awar, da na kira sunan kowa a zango don kada in kira guda ɗaya.