Soɓon Gwaggo Dije a shekarar fari

Ku da kuka shigo sarbis ɗin noma yanzu, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba, ranar da kwamandan Tasawa ya kai rangadi wani ƙauye kusa da Bawdeta. Bayan farin shekarar tamanin da huɗu ne, cikin sanyi. Lokacin mulkin soja ne, kwamanda kuwa shi ne hafsan da ke riƙe da yankin, kuma garin da ya gani da idonsa ya ce yana cikin yunwa, shi ake kai wa hatsin taimako. Ni a lokacin ƙaramin malamin gona ne, ƙauyen yana hannuna.

Garin nan bai girbe abin kirki ba. Amma da aka ce babban baƙo na tafe, sai kunya ta kama Maigari. Ya aika ƙauyen surukansa aka aro dammunan gero, aka jera a bakin rumbuna. Aka yanka akuyar da ta rage, yara suka sha wanka. Na ce masa, "Baba, in ya ga haka ai cewa zai yi kun ƙoshi." Ya ce, "Malam, baƙo ba ya ganin tsiraicinmu." Shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, Mushe Isufu ma hakan ya yi masa daɗi, don ba ya son a ce yankinsa ya gaza. Ya ba ni sukari ya ce in kai wa mai yin abin sha.

Mai yin abin shan ita ce Gwaggo Dije, yayar Maigari. Soɓonta ya yi suna har Mayahi, ga shi ba ta yi masa komai. Ba ta dafawa, ba ta sa citta ko kanumfari. Ta tsince furen, ta jiƙa da ruwan sanyi a randar da ta binne cikin yashi a inuwa, ta rufe, ta tafi harkarta. In ka ɗaga murfin kafin lokaci sai ka sha ludayi a hannu, ni ma ya taɓa sauka a nawa. Ina ƙaunar tsohuwar nan, ko da yake ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai "ɗan biro", wato ɗan ofis.

Na miƙa mata sukarin. Ta juya shi ta ce, "Ɗan biro, mi za ni yi da wanga? Ni ban gyara ma soɓo baki. Abin da shekara ta ba shi, shi za ya faɗi." Ta kira wata mai jego ta ba ta sukarin, ni kuwa na koma ina addu'ar kada Mushe ya tambaya.

Kwamanda ya zo, kaftin ne, matashi mai ƙarancin magana. Ya ci nama, ya dubi dammunan, ya ce, "Alhamdulillahi, nan da sauƙi." Na san da wannan kalma taimako ya wuce garin. Maigari ma ya sani, amma murmushi yake ta yi.

Har direba ya tada mota sai ga Gwaggo da ƙwarya. Soɓon ya yi ja har ya doshi baƙi. Kaftin ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya yi tari. Mushe Isufu ya harare ni kamar zai cinye ni ɗanye.

Kaftin ya ce, "Inna, wannan tsami fa? Har da ɗanɗanon laka."

"Ranka shi daɗe, bara ba haka yake ba. Bana furen bai sha ruwa ba, ya tsuke. Lakar kuwa ta gindin rijiya ce, nan muka kai. Ban ƙara mishi komi ba, ban rage ba."

Kaftin ya sake kurɓa, a hankali wannan karon, ya shanye tas. Sannan ya nufi rumbun farko, ya ɗage dammunan da hannunsa ya leƙa. Ba komai ciki sai ƙaiƙayi. Maigari ya juya fuska ga danga, na ga kafaɗunsa suna rawa, ni ma hawaye suka zubo mini. Kaftin bai yi faɗa ba. Ya cire hularsa, ya tsaya kusa da tsohon ya ce, "Baba, ba kai ka hana ruwa ba."

Hatsi ya iso kafin zafi ya shigo. Maigari ya daɗe yana fushi da yayarsa, ita kuwa ko a jikinta, cewa take tun yana goye yake da wannan hali.

Abin da na ɗauka daga ranar, shi nake ba ku. Aikinmu ba gyaran fuskar gari ba ne, kada ku sa wa rahoto sukari don shef ya ji daɗi. Kuma in kun je ƙauye aka tarbe ku da nama, ku ci ku gode, amma ku leƙa rumbu. Mutanenmu suna iya kwana uku ba su ɗora tukunya ba, baƙo ya zo su yanka masa akuyarsu ta ƙarshe, su raka shi bakin gari suna dariya.