Maitama, Mai Wanke wa Garma Ƙyalli

Kafin ofishin gona na Malumfashi ya cika da mutane, za ka tarar da Malam Maitama a gindin durumin bayan sito, ya miƙe ƙafa, ga kasko a gabansa, ga asuwaki a hannu yana goge wasu 'yan guntayen roba. Masu zolaya suna ce masa Sarkin 'Yar Tsana, shi kuwa ko a jikinsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ni da na yi yawon ƙauyuka da shi ba zan bari ya tafi shiru ba.

Aikinsa harhaɗa samfurin kayan noma ne, 'yan ƙanana na roba da ake aiko mana a kwali daga ƙasar waje. Garmar shanu ta gaske ba ta hawa keke, amma samfurinta yana shiga jaka, mu kai wa manoma su ga yadda ake ɗaura ta da saita ta.

A 1964 sai aka aiko wasu an zuba musu ruwan azurfa, suna ta walƙiya kamar kwanon amarya. Gam ba ya kama su, fenti kuma sai ya zame. Haka muka lallaɓa guda muka kai wa Baba Gwadabe, wani dattijon Bamaguje a bayan gari. 'Ya'yansa sun tafi aikin auduga Funtuwa, ƙarfinsa ya ja baya, rabin gandun da ya gada ya zama saura, ba a noma shi. In wata damina ta sake wucewa haka, ɗan'uwansa zai karɓe gonar ya noma.

Gwadabe ya ɗauki samfurin, sai hannun garmar ya ɓalle ya faɗi. Ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Malam, garmar da ta san ƙasa bakinta kaɗai ke haske. Wagga ko'ina haske take, ina bakin nata? Ku kai wa mata su rataya." Jama'a suka fashe da dariya. Ni raina ya ɓaci ƙwarai. Maitama ya tsince guntayen ya ce, "Baba, ka yi gaskiya. Kada ka ba da gonar, ina dawowa."

Daga nan fa aka shiga daga. Ya kankare da reza, ta yi wa robar zane. Ya jiƙa a kananzir, ko gezau. Ya gwada fetur, guntun ya yi laushi ya lanƙwashe. Muka ce ya haƙura a jira wani kwalin, ya ce damina ba ta jiran kwali. Har gida ya tafi da aikin, inda mai ɗakinsa Shafa'atu ke dafa sabulun salo. Ya lura ruwan tokarta mai kaifi ya cinye hasken wani ludayin sanholo da aka manta a ciki, sai ya roƙi kasko guda. Ta ce, "Malam, in ya ci maka hannu kada ka kira sunana." Ya ci masa kuwa, yatsunsa har suka saɓe. Amma azurfar ta saki, robar ta fito tas ba ko ƙwarzane.

Kai ne, Maitama, ba ka tsaya nan ba. Ka tuna maganar dattijo, ka shafe bakin garmar da kakin zuma kafin ka tsoma ta, don toka kada ta taɓa wurin. Sauran jikin ka wanke, ka manne, ka shafa baƙin fenti. Mai haƙurin goge abin da ido ke raina, sannu da aiki!

Da muka koma, Gwadabe ya bi bakin nan mai haske da babban yatsa. Can ya ce, "To, wagga ta ci ƙasa. Nuna mani inda ake ɗaura shanun." A zaune kan tabarma ya koyi saita ta, ya kwance ya ɗaura har hannunsa ya saba. Ruwan shuka na sauka ya ari shanun maƙwabcinsa Labo da garmarsa. Kunyoyin farko sun yi ta karkacewa, mun sha dariya, amma gandun ya huɗu har iyaka, kuma ɗan'uwan bai karɓi ko taku guda ba.

Tun daga lokacin duk samfurin da ya shigo sai ya bi ta kaskon nan, daga Malumfashi har Mahuta.

Mun gode, Malam Maitama. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya warkar da yatsun nan. Ku kuma samarin da za ku gaje shi, in manomi ya kushe abin da kuka kai masa, ku saurara, ku koma ku gyara. Shekaranjiya Gwadabe ya aiko masa da damin dawa daga tsohuwar saurar nan, ya ce a gaya wa mai kasko, "Gonar tana hannuna."