Ƙunshin Maigida

Maigidana mutum ne mai son gaisuwa. Daga ƙofar gidanmu a Yalwawa zuwa masallaci taku kaɗan ne, amma sai ya ɓata rabin awa, don in ya kama hannunka ba ya saki sai ya tambayi lafiyar akuyarka.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci wasu ƙuraje suka feso masa a tafin hannu da tafin ƙafa, ƙanana masu ruwan mugunya. Su bushe, fatar ta saɓule, wasu su fito. Aka ce ƙazuwa ce, ya sha jiƙo har tukunyata ta rine. Shi ba zafin ne ya fi damunsa ba. In ya miƙa hannu, sai mutum ya dafe ƙirji ya ce sannu daga nesa. Har ya koma cusa hannuwan cikin babbar riga.

Daga asibitin Dutse aka tura mu Kano wajen likitan fata. Ya duba ya ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, ba ya yaɗuwa, amma yakan tafi ya dawo. Ya hana fasa ƙurajen, ya hana shan taba. Ya rubuta man shafawa, ya ce a shafa a ɗaure da leda na wasu awanni don ya shiga fata. Na roƙe shi ya rubuta bayanin da Hausa, da manyan baƙi, tunda na yi yaƙi da jahilci.

Da muka dawo na kawo leda da tsumma, Malam ya ja ƙafa.

"Wannan ai ƙunshi ne."

"Magani ne, Malam."

"To me ya raba shi da abin da kuke yi ranar jajiberin salla?"

Gaskiyarsa, don ni ma ɗaurin lallen na iya. Sai da na yi alkawarin sakaya ƙofa ya yarda.

Sati biyu muna yi lafiya. Ran wata Asabar da hantsi na manta sakata, sai ga ɗan gwaggonsa daga Ringim, abokin wasansa, ya rangaɗa sallama ya faɗo tsakar gida. Ya tarar da Malam a kan tabarma, hannu da ƙafa a naɗe, ina ba shi koko a baki da ludayi.

"La ilaha! Amarya, yaushe ne ɗaurin auren? Ba a gayyace mu ba!"

"Fita, ɗan nema!"

Ba dama ya kore shi, ko tashi ba ya iyawa. Baƙon ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu ya tambayi dalili, na ɗauko takardar likita na karanta masa a hankali, ina bi da yatsa. Wurin da aka ce ba a ɗauka, ya sa na maimaita. Malam ya sunkuyar da kai ya ce wata huɗu ke nan ba wanda ya riƙe hannunsa.

Bayan la'asar maza suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kamar kullum. Ina zaure ina shara, ina jin su. Baƙon nan ya cafko hannun Malam daga cikin riga, ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku zo ku ga lallen amarya! Likita ya ce ba a ɗauka, ni ma ga shi na riƙe. Wanda bai gaisa ba, ba shi da goron biki."

Sai na ji muryar liman yana cewa, "Kawo hannun nan, Malam. Ina gajiya?"

Ƙurajen har yau sukan dawo, in sun dawo mu ɗaure. Amma ranar sai da tuwo ya huce, Malam yana waje yana tambayar liman lafiyar akuyarsa.