Ranar da na kira sunansa a cikin jirgi

Ni tsohuwa ce 'yar Gumel, ko sunana ban iya rubutawa ba. 'Yar ƙanwata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata. A lokacin da abin ya faru, wato jim kaɗan bayan an ba mu jihar Jigawa, ni mace ce mai kunya fiye da kima, matar dillalin shanu a kasuwar Maigatari. Tun da aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa furta sunansa ba, Malam nake cewa, kamar yadda iyayenmu suka koya mana. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Malam ƙato ne mai kaurin wuya, munsharinsa har maƙwabta sun san shi. Ni ba munsharin ke firgita ni ba, shirun da ke biyo bayansa ne. Sai numfashin ya ɗauke cak, can kuma ya zabura yana haki kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da rana kuwa ko ana tsakiyar ciniki sai gyangyaɗi ya sace shi. Babban ɗanmu da ke aiki a Kano ya kai shi wurin likita, aka ce maƙogwaronsa ne ke rufewa in barci ya yi nauyi. Yaron ya yi ta fafutuka har aka kawo masa wata na'ura daga waje, girmanta kamar rediyo, da tiyo da abin rufe hanci mai maɗauri, tana hura masa iska. Da yake wutar lantarki ba ta zama a Gumel, da batirin mota muke tayar da ita. Malam ya dawo sabo, har ya koma yi min tsiya da safe.

Sai ga kujerar Makka ta fito mana mu biyu. Wayyo daɗi! Na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya. Gida ya cika da 'yan sallama daga Gagarawa har Ɗanzomo, wannan ta kawo dambun nama, waccan ƙuli-ƙuli da yaji. Ɗanmu ya nemo izinin masu jirgi, ya samo ƙaramin batiri, ya haɗa komai a jakar hannu, ya ce min: "Inna, wannan jakar kada ta bar hannunki. Da ya fara gyangyaɗi a ɗaura masa." Na ce na ji.

A cikin 'yan sallamar akwai taubashiyar Malam daga Sule Tankarkar, wadda ba ta ganinsa ta ƙyale. Ta leƙa jakar, ta ɗaga abin hancin sama a gaban mata, ta tambaya ko a jirgin ma za a sa wa bijimin takunkumi don kada ya cinye abincin alhazai. Mata suka yi ta dariya, shi ma ya yi dariya ya rama, ya ce ai ita ce takunkumi ya fi dacewa da bakinta. Wasa ne tsakaninsu, amma ni ya tsaya min a rai. Na dinga hango mijina, mutumin da ake tashi tsaye a gaishe shi a kasuwa, da tiyo a fuska a tsakiyar mutanen garinmu. Da za a ɗaure kaya sai na zare na'urar, na naɗe ta da zani, na cusa a babbar jakar da ake aunawa a kai ma'ajiyar kaya ta jirgi. Jakar hannun kuwa na cika ta da dambu da goro. Na ce a raina ai zaune zai yi, murna ma ba za ta bar shi ya runtsa ba.

Ranar tashi, da jirgin ya zabura da mu daga Kano, kunnuwana suka toshe, na damƙe kujera ina salati ina dariya lokaci guda. Na leƙa taga na ga gajimare a ƙarƙashinmu kamar an baza auduga a tabarma. Aka kawo mana abinci a 'yan kwanoni masu murfi, na ci duk da ban san mene ne ba. Ina ta mamaki, ni ce yau a sama, ni da ban taɓa wuce Kano ba. Da Malam ya ci ya ƙoshi, ga gajiyar sansanin alhazai, sai ya taɓa ni ya ce in miƙo masa abin nasa. Na buɗe jaka, ƙamshin dambu ya tashi. Ya kalli dambun, ya kalle ni, ya ɗauki goro ɗaya ya jefa a baki.

Na yi ta fama da shi. Na mintsine shi, na ba shi goro, na tono labaran da ban taɓa ba shi a gaban mutane ba. Duk da haka kansa ya langwaɓe, munshari ya cika jirgi, alhazan baya na dariya. Sai shirun nan ya zo. Na jira zaburar da ya saba, ba ta zo ba. Leɓɓansa suka fara sauya launi. Na girgiza shi ina Malam, Malam, ko motsi. Ban san lokacin da na miƙe na kwaɗa masa kira da sunansa na yanka ba, da iyakar muryata, a gaban maza da mata. Ya ja wani dogon numfashi mai ƙara, ya buɗe ido. Wata ma'aikaciyar jirgi ta rugo da tulun iska ta sa masa a hanci, ta ce kada a bari ya sake barci har mu sauka. Abin da na guje wa shi ya faru, aka rufe masa fuska kowa na kallo, kuma ba wanda ya yi dariya, addu'a kawai ake yi masa.

A Jidda babbar jakar ba ta zo hannunmu da wuri ba. Kafin ta zo, a jingine yake barci ina gadinsa, ɗawafin farko ma a kujera aka tura shi, shi da yake burin yi da ƙafarsa. Wannan ne ciwon da har yau bai bar ni ba. Bai taɓa faɗa wa ɗanmu ba, bai taɓa goranta min ba. Sai dai in muna mu biyu ya ce: "Hajiya, ashe kin san sunana? Sake faɗa in ji." In rufe fuska da mayafi, ya yi ta dariya. Ban sake faɗa ba har Allah Ya karɓi abinSa bayan wasu shekaru, kuma da na sani da na faɗa masa ko sau ɗaya.

'Yan'uwana mata, da duk mai rakiyar mara lafiya, abin da likita ya ce a riƙe a hannu, ku riƙe shi a hannu, ko da duk gari zai yi dariya. Masu dariyar suna gida, ni kaɗai na ga leɓɓan mijina a sama. Yanzu kullum bayan sallah ina kiran sunan nan a bayyane ina nema masa rahama, kuma ba na jin kunyar kowa.