Hotunan Zauren Garba Magini

Ina kan tsani a Kurawa, ina yaɓen wani rumbu da babu abin zubawa a cikinsa, sai wani mai babur daga Sabon Birni ya tsaya ya kira sunana. Ya ce Maigida Garba ya cika da hantsi. Na yi salati na sauko. Kafin in wanke hannu ya rage murya ya ce, "Amma hwa ana ta magana. Wasu sun ce ba su yi mai salla sai an ga abin da ke cikin zaurenai." Wallahi wannan magana ta fi mini rasuwar zafi.

A hannunsa na koyi gini, kuma tare muka yi furfura. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda idan ya ga bango ya karkace ba ya zagi, sai ya rushe ya ce a sake. Abin da ke zaurensa kuwa hotuna ne na cikin coci. Wani fatake ya naɗo masa kaya daga Nijar a cikin tsohuwar kalandar Faransawa, shi kuma da ya warware ya ga ginshiƙai dogaye da rufi mai lanƙwasa, sai ya kasa yarwa. Ya ware duk mai surar mutum ko gicciye, ya yi wa sauran katako ya rataya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ni rufin nika kallo. Wanda yay yi wanga ya san nauyi."

Da a shekarar ƙoshi ne, da dariya za a yi masa a wuce. Amma ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone tun yana ƙarami, kuma mai yunwa ba ya rasa wanda zai zarga. Aka fara leƙen zauren. Aka lura hayaƙi na tashi a gidansa, aka ce hatsin Nasara ne, alhali ni na san jakinsa da akuyoyin Inna Hajo matarsa ne suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Nomau, wani ɗan kasuwa maƙwabcinsa, ya rantse ya gan shi tsaye a gaban hotunan yana motsa baki. Gaskiya ya gani, domin haka Maigida yake yi idan yana auna gini a ransa. Sai dai da maganar ta isa kasuwar garin Isa, ta zama Garba ya canza alƙibla, kuma shi ya tsare wa gari ruwa.

Ranar da aka fita roƙon ruwa, sahun da ya shiga ya yi ta ragewa har aka bar mu mu biyu. Ya gama addu'arsa, ya kakkaɓe goshi, bai kalli kowa ba. A hanya na roƙe shi ya sauke hotunan a huta. Ya ce, "In na sauke su, na yarda ke nan da abin da sunka ce. Allah ya san inda nika dubi in na yi kabbara." A cikin wannan hali ya gama rufin masallacin unguwarsu. Dogayen azara sun yi wuya, sai ya haɗa gajeru ya tayar da bakan gizo, wato rufi mai lanƙwasa, mai tsawo irin wanda ba mu saba ba. Wasu suka ɗaga kai suka ce ai ga kamar cocin nan ta fito. Shi dai ya ce, "Rufi ba ya da shaida sai ruwa."

Da na isa gidan na tarar da zaure cike, ido na kan bango, ba kan makara ba. Alhaji Nomau ya ce, "Liman, ka duba da kanka." Liman ya duba, ya tambayi inda marigayin ke shimfiɗa buzunsa. Inna Hajo ta amsa daga bayan ƙofa, ta ce ga gurbin nan, ƙasa ta nuna. Liman ya taka wurin ya fuskanci gabas, kowa ya juya tare da shi, sai ga hotunan duk a bayanmu. A bangon yamma suke, tun ranar da aka rataya su. Aka fitar da shi aka yi masa salla, sahu ya cika.

Duk da haka an sauke hotunan kafin sadakar uku, wai don zuciyar mutane ta kwanta. An sauke su, ruwa bai sauka ba, kuma na ga an fara leƙen wani zauren.

Allah ya jiƙan Maigida Garba, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa. Allah ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri, ya rufa musu asiri a wannan marra. Ya Allah, ka saukar mana da ruwa mai albarka, ka fara da rufin da bawanka ya bari, domin har yanzu shaidarsa ba ta zo ba.