Ruwan Shuka da Tanderun Arzika

Arzika mutumin Ruwan Bore ne. Shi ke kula da tanderu a gidan burodin Alhaji Lawwali da ke Tudun Wada, nan Gusau. Ni kwaɓi nake yi. A bakin wutar na same shi lokacin da na kama aiki, gashin hannunsa duk ya ƙone. Ba ya surutu.

Gidan ba shi da doka a rubuce. Komai a bakin Alhaji yake. In an yi masa zancen rubutawa sai ya ce, "Takarda ta mi? Ba ga ni ba?"

Akwai al'ada guda. Ranar da ruwan shuka ya sauka, duk mai gona sai ya tafi, ba sai ya yi sallama ba. Ya shuka geronsa ya dawo, wurinsa na nan. Tun kafin hadari ya fara haɗuwa Alhaji yakan yi magana da wasu surukansa a Bungudu su zo su riƙe aiki. Ba mu san lokacin da yake shirya wannan ba. Mu dai mukan ga mutane sun zo.

Bara, bayan azumi, Alhaji ya rasu. Ɗansa Bashar ya dawo daga Kaduna ya karɓi gidan. Ba mugu ba ne. Ya gyara famfo, ya saya mana takalman roba. Amma bai taɓa yin damina a gidan ba, kuma ba wanda ya gaya masa al'adar. Abin da kowa ya sani, wa zai tsaya faɗa?

Ruwa ya sauka wata Laraba da la'asar. Washegari Arzika bai zo ba, haka Sule da Umaru, abokan kwaɓina. Mutanen Bungudu ma ba su zo ba, don ba a kira su ba. Kwaɓi ya kumbura, ya yi tsami, muka zubar. Motar da ke kai burodi Tsafe ta tafi wayam. Masu shayin bakin hanya suka gaji da jira suka koma wani gidan. Da yawansu ba su dawo ba har yau.

Bashar ya ɗauko mai tanderu daga Funtuwa. Da Arzika ya dawo, da laka a ƙafarsa, ya tarar da baƙo a bakin wuta.

Bashar ya ce, "Baba Arzika, ina ka shiga?"

"Shuka."

"Wa ka gaya wa?"

"Wa za ni gaya ma? Ruwa ya sauka."

"Gidan nan ya kusa durƙushewa saboda ku."

"Haka muke yi da Alhaji."

"A ina aka rubuta?"

Arzika ya dube ni. Na ce gaskiya ne, haka ake yi. Bashar ya ce ya yarda, amma ya riga ya kama wa na Funtuwa ɗaki, har ya kwaso iyalinsa. Sule da Umaru za su koma kwaɓi. Tanderu kuwa ɗaya ne.

Arzika ya cire tsohuwar rigarsa daga jikin ƙusa, ya yi wa Alhaji addu'a, ya fita.

Bana tun da rani Bashar ya tara mu. Ya tambayi kowa abin da Alhaji ke yi da baki, ya rubuta, ya manna a bango. Mai gona zai je shuka, amma ya faɗi sunansa tun kafin ruwa, kuma wurinsa na nan. Ya je Bungudu da kansa ya shirya da mutanen. Ruwa ya sauka, burodi ya fita, Tsafe ta samu.

Arzika yanzu itace yake kawo mana a amalanke. Ran nan yana saukewa na karanta masa takardar bango. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "To. Ya yi kyau."

Ya jera sauran itacen, ya karkaɗe hannu. Sai ya ɗaga hanci wajen tanderu, ya shinshina.

"Ka ce ma na Funtuwa shi rage wuta."

Ya tura amalankensa ya tafi. Na koma kan kwaɓi.