Hanyar Makara a Ƙarƙashin Tanki

Zulkarnaini ba ya iya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya san shi a unguwar Maamobi a tsaye ya san shi, jakar kwamfuta a kafaɗa, tef ɗin awo a aljihun baya, ya ɗaga kai yana kallon wani ƙarfe da babu wanda ya damu da shi. Ko kokon safe a tsaye yake sha.

Karatun injiniya ya yi. Ya daɗe a wata masana'anta a Tema, aikinsa ya zana abu a kwamfuta, ya ɗora masa nauyi ko ya hura masa zafi, ya ga inda zai lanƙwashe kafin a ƙera shi. Inda ƙarfe ke lafiya allon ya nuna shuɗi, inda yake shan wuya ya nuna ja. Masana'antar ta rufe, ya dawo unguwa da tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar dutsen guga. Masu walda na Nima da Maamobi suka riƙa kiransa: gidan burodin da wutarsa ke ƙona gefe ɗaya, matakalar bene, ƙafafun tankin ruwa.

Bai taɓa yarda da launin allo shi kaɗai ba. Abin da kwamfuta ta faɗa sai ya sake lissafa shi da biro. In sun saɓa, ba a kunna walda. In sun dace ma hankalinsa ba ya kwanciya, sai ya riƙa zagayawa yana duba abin da ya taɓa zanawa. Matarsa Safara'u takan ce, "Je ka gaida 'ya'yanka na ƙarfe, na gida sun saba."

A irin wannan zagayen ne ya biya gidan Hajiya Sadia, ƙanwar mahaifiyarsa. Gidan haya ne mai cike da mutane. Babu fili, don haka a kan hanyar shiga ya ɗora musu tanki, daidai inda lungun ke karya kwana zuwa tsakar gida. Lita dubu biyar yake ci, tan biyar ke nan a kan ƙafafu huɗu, kowa na wucewa ta ƙasa. Famfo ya daɗe a bushe, sai safiyar nan ruwa ya zo. Tun daga waje yake jin ƙarar bokitai da ruwa na zuba cikin tanki.

Ya ɗaga kai ya dubi ƙafafun tankin. Ƙarafan da ya gicciya tsakanin ƙafafun ɓangaren kwana babu su. Sai guntaye, da sabon yanka yana ƙyalli.

Bai yi sallama ba. Ya tsallake bokitai ya murɗe kan bututun da ke hawa tanki.

"Kai, Zulkarnaini!" Hajiya ta fito tana gyara mayafi. "Ruwan da muke roƙon Allah shi ka zo ka rufe?"

"Mma, wa ya yanke ƙarafan nan?"

"Abukari mai walda. Ranar da Baba Muftahu na ɗakin ƙarshe ya rasu, kana Kumasi. Makara ta ƙi juyawa a kwanar nan, ƙarfenka ya tare ta."

Aka kira Abukari daga shagonsa, ya zo da tabaron walda a goshi.

"Injiniya, kar ka dube ni haka. Gawa na jira, liman na jira. In ce musu su dakata sai kwamfuta ta yarda?"

"Ban ce kar ka yanka ba, Masta. Da ni ne ma sai na yanka. Kirana ne ba ka yi ba."

"Ai ga shi nan tsaye, bai faɗi ba."

"Don babu ruwa a ciki."

Ya kifa wani baho, ya ɗora kwamfuta, ya cire ƙarafan daga zanen. Ƙafafu biyu suka yi jawur. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki gawayi a murhun wata mata ya hau lissafi a jikin bango. Ƙafar da aka cire wa riƙon tsakiya, tsawonta marar tallafi ya ninka, ƙarfinta kuwa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Bango da allo suka faɗi magana ɗaya. In tanki ya cika, zai sauko kan duk wanda ke wucewa.

"To, in mayar da su yadda suke," in ji Abukari.

"In wani ya rasu ka sake yankewa."

"Wa kake wa fata a gidan nan?" in ji Hajiya.

Zulkarnaini ya shiga kai da kawowa a lungun. Lokacin da ya yi zanen ya saka nauyin ruwa, ya saka iska, ya saka har yaran da za su yi lilo a jiki. Bai saka cewa ana mutuwa a gidan ba. Gyaran ba wuya: a ninka ƙafafun nan biyu da wani ƙarfen, a ɗaga tokara zuwa sama, inda ba za ta tare komai ba. Amma sama har ina? In ta yi sama da yawa ba ta riƙe komai, in ta yi ƙasa za a sake yankewa.

"A aro makarar masallaci," ya ce. "A kafaɗa za a shigo da ita, in auna."

"Makara babu gawa, a gidana? Ba da ni ba."

"Mma, ko ta shigo yau fanko, ko ta shigo gobe da dalili."

Wata daga cikin matan gida ta ce a hankali, "Hajiya, ruwan nan fa ba ya daɗewa." Hajiya ta dubi bokitai, ta dubi tanki, ta ja tsaki.

"Ku yi. Amma ni ba na kallo." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Ya zaɓi maza huɗu mafi tsawo a layin. Suka ɗauko makarar, suna ta salati, wani na dariya yana haɗiyewa. Sau biyu ya sa suka karya kwanar, shiga da fita, yana bin su da alli, yana saka alama inda makarar ta kai. Ya ƙara tazarar tafin hannu a kan alamar, ya koma bango ya sake lissafi. Ƙarfin ƙafafun ya isa, da ɗan saura.

Abukari ya yi walda har la'asar. Zulkarnaini ya bi kowane haɗi da guduma yana saurare, sannan ya buɗe bututun. Tanki bai wuce rabi ba famfo ya ɗauke. Matan suka yi ta mita. Hannunsa na kan ƙafar tankin, yana jin ko za ta motsa. Ba ta motsa ba.

Hajiya ta fito da kujera da kwanon shinkafa da wake.

"Zauna ka ci, ɗan nan, ko sau ɗaya."

Ya kai hannu ga kujerar, sai ya tuna. Akwai tankin gidan mai burodi a Nima, akwai na bayan makarantar Islamiyya, duk a kan lungu ya ɗora su, duk da irin wannan gicciyen.

"Rufe min, Mma, zan dawo."

Ya rataya jaka, ya leƙa waje ya kira mazan nan huɗu. Ya ce kar su mayar da makarar tukuna.